Amsata a intigireshan ta saɓa da ta littafi, kuma ban ga inda na kauce ba

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aji ɗaya a jami'a, muna cikin kalkulas a wannan zangon, kuma akwai abubuwan da suka tsaya mini a intigireshan, wato lissafin tarawa mai alamar ∫, da nake roƙon a warware mini.

Na farko shi ne ∫ sin x cos x dx. Na ɗauki u = sin x, du = cos x dx, sai na samu (sin²x)/2 + C. Amsar da ke bayan littafi kuwa −(cos²x)/2 + C ce. Na bi aikin sau uku, ban ga kuskure ba.

Na biyu, an ce a nemo girman filin da ke tsakanin y = x² − 4 da layin x, daga x = 0 zuwa x = 3. Na yi, ya ba ni −3. Littafi ya ce 23/3. Ta yaya ma fili zai zama ƙasa da sifili?

Sai abin da ya fi damuna. A difarenshiyeshan, wato neman saurin sauyin abu, akwai ƙa'ida, in ka bi ta za ka kai. A nan kuwa sai ka tsaya kana kallon tambaya ba ka san ta inda za ka kama ta ba. Akwai alamar da ake gane wace hanya ta dace?

Kuma tun da aikin injiniya nake karantawa, ina so in san a ina ake amfani da shi a wajen aiki, da lambobi na gaske. Allah ya saka da alheri.

Malamar_Lissafi ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Amsarka ta farko daidai ce, ta littafin ma daidai ce. Ka tuna sin²x + cos²x = 1, saboda haka (sin²x)/2 = 1/2 − (cos²x)/2. Tsakanin amsarka da ta littafi rabi ne kawai, kuma C ta haɗiye wannan rabin. Akwai ma amsa ta uku, −(cos 2x)/4 + C, ga wanda ya fara mai da sin x cos x ya koma (sin 2x)/2. Gwada su da lamba ka gani. A x = 0 suna ba da 0, da −0.5, da −0.25. A x = π/2 suna ba da 0.5, da 0, da 0.25. Kowace ta hau da 0.5 daidai. Wajen farawa ne ya bambanta, hawan iri ɗaya ne.

Ma'anar C ke nan. A ce kana da takardar gudun wata mota a hanyar Kano zuwa Zariya, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Daga takardar za ka iya fitar da nisan da ta ci, amma ba za ka iya faɗin inda take ba sai an gaya maka ko daga Kano ta tashi ko daga Kwanar Dangora. Wannan bayanin da gudu ba ya ɗauke da shi, shi ne C. Shi ya sa idan tambaya ta ce "y = 5 lokacin da x = 0", ba ado aka sa ba, da shi za ka fitar da C. Kuma duk lokacin da amsarka ta saɓa da ta littafi, kada ka yi saurin gogewa. Yi mata difarenshiyeshan, tun da intigireshan juya shi ne. In ta mayar da kai abin da ke cikin alamar ∫, ka gama.

Tambaya ta biyu tana buƙatar mu koma tushe. Intigireshan tara siraran yanka ne. Ɗauki y = x² daga 0 zuwa 3. Yanka filin gida uku, kowane faɗinsa 1. In ka auna tsayin kowane yanki ta gefen hagu za ka samu 0 + 1 + 4 = 5, in ta gefen dama 1 + 4 + 9 = 14. Gaskiyar tana tsakani. Yanka shi gida shida, faɗi 0.5: hagu 6.875, dama 11.375. Kana ƙara siranta yankan, lambobin biyu suna matsowa juna har su haɗu a kan 9, wato x³/3 a x = 3. A rubutun ∫ f(x) dx, f(x) shi ne tsayin yanki, dx faɗinsa, alamar ∫ kuma doguwar S ce da Leibniz ya fara rubutawa a 1675, daga kalmar Latin mai nufin jimla. Wanda ke yar da dx kamar ba ta da aiki zai sha wuya idan aka zo musanya, wato sa u a madadin wani ɓangare kamar yadda ka yi a tambayarka ta farko.

Dalilin da ya sa juya difarenshiyeshan yake ba da fili kuwa gajere ne. Kira filin da ya taru daga farko zuwa x da suna A(x). Matsa gaba da ɗan taƙi h. Abin da ya ƙaru siririn yanki ne mai tsayi f(x) da faɗi h, girmansa kusan f(x) sau h. Raba da h, sai ka ga saurin ƙaruwar A shi ne f(x). Duk sauran abin da za ka koya a kan wannan ya tsaya.

To, a tambayarka, y = x² − 4 yana ƙarƙashin layin x daga 0 har zuwa 2, don haka tsayin yankan wajen yana ɗauke da alamar debewa. Daga 2 zuwa 3 ne ya hau sama. Da ka haɗa su a tafi ɗaya, na ƙasa ya cinye na sama. Raba aikin a inda layin ya tsallaka, wato inda x² − 4 = 0, x = 2:

Daga 0 zuwa 2: (8/3 − 8) − 0 = −16/3
Daga 2 zuwa 3: (9 − 12) − (8/3 − 8) = 7/3

Intigireshan ɗin shi ne −16/3 + 7/3 = −3, abin da ka samu. Girman fili kuwa 16/3 + 7/3 = 23/3, kusan 7.67. Duk tambayar da ta ce "fili", fara da zane ko da na minti ɗaya ne, ka nemo inda y ta zama sifili tsakanin iyakokin biyu. A ganina ɗalibai sun fi zubar da maki a rashin zane fiye da rashin sanin ƙa'ida.

Ƙarin bayani ga mai sha'awa: wannan dabara ta yanka ta girmi Newton da Leibniz nesa ba kusa ba. Arkimidis ya yi ta a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira a ƙarni na 11, ya fitar da ƙa'idar tara lambobi masu fawa 4, da ita ya nuna cewa idan aka juya lanƙwasar farabola a kan gindinta, abin da ta haifar yana cin 8/15 na silindar da ta kewaye shi. Kai yau za ka tabbatar da wannan a layi biyu: π∫(1 − x²)² dx daga −1 zuwa 1 ya ba da 16π/15, silindar kuma 2π ce. Raba ka gani.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Malama ta gama da biyun farko, Allah ya ƙara basira. Bari in ɗauki na uku.

Yaro, abin da ka lura da shi gaskiya ne. Difarenshiyeshan bin ƙa'ida ne, intigireshan kuwa gane fuska ne, sai ido ya saba. Amma akwai tsarin dubawa da ke rage kame-kame.

Kafin komai, ka share tambayar. Buɗe baka, raba kashi, mai da saiwa ta koma fawa. (x³ + 2x)/x ba ya buƙatar wata dabara, x² + 2 ne. √x kuma x^(1/2) ne, sai ka ƙara 1 a fawa ka raba da sabuwar fawar, ka samu (2/3)x^(3/2). Wannan ƙa'idar tana aiki ga kowace fawa ban da −1, domin a nan za ka raba da sifili. ∫ (1/x) dx = ln|x| + C, kuma sandunan nan biyu na gefen x dole ne.

In sharewa ba ta wadatar ba, sai ka nemi abu da ɗansa. Ina nufin ka duba ko akwai wani abu a ciki wanda difarenshiyeshan ɗinsa yake zaune a waje yana ninka sauran. In akwai, musanya ce. Misali ∫ x√(x² + 9) dx daga 0 zuwa 4. A ciki akwai x² + 9, ɗansa 2x ne, ga kuma x a waje. Ka ce u = x² + 9, du = 2x dx, wato x dx = du/2. Yanzu inda ake faɗuwa: iyakoki ma sai sun canza. x = 0 ya ba da u = 9, x = 4 ya ba da u = 25. Aikin ya koma (1/2)∫ √u du = (1/3)u^(3/2), daga 9 zuwa 25, wato (125 − 27)/3 = 98/3, kusan 32.67. Wanda ya bar 0 da 4 a kan u zai samu 8/3. Ido kaɗai zai gaya maka 8/3 ba ta yiwuwa, tun da a x = 4 tsayin layin ya kai 20. Bayan musanya kada ko x ɗaya ta rage a cikin aikin. In ta ƙi fita, ko dai zaɓin u bai yi ba, ko hanyar ce ba ta nan ba.

Akwai wata gajeriyar hanya da ke cutar da mutane. ∫ (2x + 3)⁴ dx = (2x + 3)⁵/10 + C, an raba da 5 sannan da 2 ɗin da ke gaban x. Haka ∫ cos 3x dx = (sin 3x)/3 + C. Wannan yana yiwuwa ne domin ɗan abin da ke ciki lamba ce tsayayya. Sai ɗalibi ya ga (x² + 1)⁴ ya rubuta (x² + 1)⁵ ya raba da 10x. Kuskure ne babba, x ba ta tsallake alamar ∫ ta fita. Wannan sai dai a buɗe bakan gaba ɗaya.

In kuwa abu biyu ne da ba dangin juna ba suke ninke, kamar x da cos x, ko x da eˣ, sai hanyar rabawa biyu: ∫ u dv = uv − ∫ v du. Duk wahalarta a zaɓin u take. Zaɓi wanda zai ƙara sauƙi in an yi masa difarenshiyeshan. A ∫ x cos x dx, u = x, dv = cos x dx, du = dx, v = sin x. Ka samu x sin x − ∫ sin x dx = x sin x + cos x + C. Lura da alamar: ∫ sin x dx = −cos x, debewa biyu suka haɗu suka zama tarawa. Da ka ɗauki u = cos x, da ka wayi gari da x² sin x a hannunka, wanda ya fi na farko tauri. Idan ka ga fawar x tana hawa maimakon sauka, tsaya ka juya zaɓin. Jerin fifiko wajen zaɓar u: ln da farko, sai irin su arctan, sai x da fawoyinta, sai sin da cos, eˣ a ƙarshe. Ba doka ba ce, amma tana cin mafi yawan tambayoyin aji ɗaya. Shi kansa ∫ ln x dx da wannan hanyar ake yi, u = ln x, dv = dx, amsa x ln x − x + C.

Wani lokaci aikin yakan zaga ya dawo, kamar ∫ eˣ sin x dx. Bayan zagaye biyu za ka sake ganin tambayarka ta farko a dama da alamar debewa. Kada ka ci gaba da zagaye. Kira ta I, ka tsallakar da ita hagu, 2I = eˣ(sin x − cos x), sai ka raba da 2. Sharaɗin shi ne a zagaye na biyu ka riƙe irin zaɓin da ka yi a na farko, in ba haka ba za ka ƙare da I = I.

Kashi mai x sama da ƙasa kuma, fara duba ko na sama ɗan na ƙasa ne, in haka ne amsa ln ce ta na ƙasan. In ba haka ba, tsinka na ƙasa. (5x − 1)/(x² − x − 2): ƙasan shi ne (x − 2)(x + 1). Rubuta 5x − 1 = A(x + 1) + B(x − 2). Sa x = 2, A = 3. Sa x = −1, B = 2. Amsa 3 ln|x − 2| + 2 ln|x + 1| + C. Idan fawar sama ta kai ta ƙasa ko ta fi ta, doguwar rabawa za ka fara yi, in ba haka ba A da B ba za su daidaita ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata a gaya wa ɗalibi tun da wuri: akwai waɗanda ba su da amsa da za a rubuta da alamomin da ka sani. e^(−x²) yana cikinsu, haka (sin x)/x. Liouville ya tabbatar da irin wannan a shekarun 1830. Teburin da ke bayan littattafan ƙididdiga ma daga intigireshan irin na e^(−x²) ya samo asali, an yi lissafin da lambobi ne aka jera.

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Na gode ƙwarai Malama, na gode Baba. Na gwada difarenshiyeshan a kan amsoshin uku, duk sun dawo sin x cos x.

Wasu biyu sun taso. Na sa ∫ sin x dx daga 0 zuwa π a kalkuleta Casio fx-991ES Plus don in tabbatar da 2 da na samu da hannu, sai ta ba ni 0.0861. Sannan ∫ (1/x²) dx daga −1 zuwa 1 ya ba ni −2. Na yi zane kamar yadda Malama ta ce, layin duk yana sama, babu inda ya sauka ƙasa.

Malamar_Lissafi ta rubuta:

Kalkuletarka tana kan digiri. Ta ɗauki π a matsayin digiri 3.14, ɗan ƙaramin kusurwa. Duba saman allon, za ka ga D. Mai da ita R, za ta ba ka 2. Duk ƙa'idojin sin da cos na kalkulas a kan radiyan aka gina su, wato R ɗin nan, awon kusurwa da π a cikinsa take daidai da digiri 180.

Na biyun, madalla da ka yi zanen, shi ya nuna maka akwai matsala. Sake dubansa a x = 0. Layin ya tsinke a nan, ya harba sama ba iyaka. Ƙa'idar sa iyakar sama a debe ta ƙasa tana aiki ne in layin bai tsinke ba a tsakani. Gwada daga wata 'yar lamba a zuwa 1: za ka samu 1/a − 1. In a = 0.01, 99 ke nan. In a = 0.0001, 9,999. Filin ba shi da iyaka, −2 kuma ba amsa ba ce. Duk kashin da ka gani, duba ko na ƙasa yana zama sifili tsakanin iyakokin kafin ka taɓa biro.

Injiniyan_Ruwa ya rubuta:

Ɗan'uwa, ga amfaninsa da lambobi.

Fara da tankin mai na kwance, irin wanda ake binnewa a gidan mai. A ce faɗin bakinsa mita 2, tsawonsa mita 5. Cikensa π × 1² × 5 = 15.708 mita kubik, lita 15,708. An zura sandar awo, mai ya jiƙa santimita 50, kwata na tsayin. Mai gaggawa zai ce kwatan tanki, lita 3,927. Ba haka ba ne, domin gindin tankin tsuke yake. Yanka man kwance-kwance. Yankin da ke nisan y daga tsakiya faɗinsa 2√(R² − y²), inda R rabin faɗin bakin tankin ne. Tara su daga gindi zuwa saman man, da musanyar y = R sin θ, sai ka samu

V = L[R² arccos((R − h)/R) − (R − h)√(2Rh − h²)]

Sa R = 1, zurfin mai h = 0.5, tsawon tanki L = 5, kalkuleta a radiyan: 1.0472 − 0.4330 = 0.6142, sau 5, lita 3,071. Bambancin lita 856 ne, ka ninka da kuɗin lita ɗaya ka ga abin da ake magana. A h = 0.2 lita 818 ce kacal. Santimita ɗaya a tsakiyar tankin lita 100 ce, a zurfin santimita 20 kuwa lita 60. Wannan ne dalilin da kowane tanki yake zuwa da takardar awonsa. A aikace takardar takan ɗan saɓa da wannan lissafi, saboda kawunan tankin a kumbure suke, kuma in an binne shi a karkace sanda za ta yi ƙarya gwargwadon nisan ramin awo daga tsakiya.

Matsin ruwa a jikin bango ma haka. A zurfin y matsin shi ne niyuton 1000 × 9.8 × y a kan kowane murabba'in mita (1000 kilon ruwa ne a mita kubik, 9.8 kuma jan ƙasa). Ƙofar ruwa mai faɗin mita 3, ruwa ya kai mita 4. Siririn yanki a zurfin y yana ɗauke da 9,800 × y × 3 × dy. Tara daga 0 zuwa 4: 29,400 × 8 = niyuton 235,200, nauyin tan 24. Saboda y² ɗin da ya fito, in zurfi ya ninka biyu ƙarfin ninki huɗu yake yi. In ka sake yin intigireshan da y² dy don neman inda ƙarfin ya tattaru, za ka same shi a kashi ɗaya bisa uku na zurfin daga ƙasa, mita 1.33 a nan. Wanda ya jera ƙarfen ƙofa ko rodin bangon tanki daidai wa daida daga sama har ƙasa ya sa ƙarfe inda ba a buƙata, ya rage inda ake buƙata. Kaurin gindin madatsun ruwa irin su Kainji daga wannan lissafin yake.

Tura ruwa sama: tankin ƙasa mai mita 2 ta kowane gefe, lita 8,000, bakinsa daidai da ƙasa, za a tura ruwan zuwa bakin tankin sama mai tsayin mita 6. Ruwan sama mita 6 zai hau, na gindi mita 8. Aikin shi ne 9,800 × 4 × ∫(y + 6) dy daga 0 zuwa 2 = 39,200 × 14 = jul 548,800. Raba da 3,600,000, ka samu yunit 0.15 na wuta. In famfon rabin wutar da ya sha ce take zama aiki, yunit 0.3. Gogar ruwa a cikin bututu tana ƙarawa a kai, musamman in bututun siriri ne ko gwiwoyinsa sun yi yawa.

Amma gaskiyar aiki ita ce sau da yawa babu wani f(x), awo ne kawai a takarda. A ce gonar fadama ce, gefe ɗaya miƙaƙƙe mai mita 60, ɗaya gefen rafi ne mai lanƙwasa. Kafa turaku kowace mita 10 a miƙaƙƙen gefen, ka auna daga kowane turke zuwa bakin rafi a tsaye. A ce ka samu 22, 28, 33, 35, 31, 26, 20. Hanyar tarafiziyam: rabin na farko da na ƙarshe, a tara da sauran, a ninka da tazara. 10 × (21 + 153) = murabba'in mita 1,740. Hanyar Simpson: na farko da na ƙarshe sau 1, na biyu da na huɗu da na shida sau 4, na uku da na biyar sau 2, a ninka da tazara bisa 3. (10/3) × (42 + 356 + 128) = 1,753. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 465 ne, gonar ta kusa fuloti huɗu ke nan. Tarafiziyam ta gaza kaɗan domin gaɓar ta kumbura waje, miƙaƙƙen layi kuma yana yanke kumburin. Da wannan hanyar ake lissafin ƙasar da za a haƙa ko a cike a aikin titi, a auna faɗin yanka kowace tazara a tara.

Mai_Aikin_Lantarki ya rubuta:

Injiniya ya kawo na ruwa, ga na wuta, kuma ya haɗu da tambayarka ta fili ƙasa da sifili.

Wutar gida ba tsaye take a bolt 230 ba. Tana hawa da sauka kamar sin, zagaye 50 a daƙiƙa, ƙololuwarta kusan 325. In ka yi intigireshan ɗin zagaye ɗaya sifili za ka samu, rabin sama ya kashe rabin ƙasa, alhali dutsen guga yana zafi. Zafin yana bin v² ne (v ita ce bolt ɗin wutar), shi kuma ba ya sauka ƙasa da sifili. Saboda haka sin²θ ake tarawa. Ba a taɓa shi kai tsaye, sai an mai da shi (1 − cos 2θ)/2. Daga 0 zuwa 2π ɓangaren cos ɗin ya mutu, saura π. Raba da 2π, matsakaici 1/2. Ɗauki saiwa, 0.707. Sau 325, kusan 230. Lambar da mita take nuna maka ke nan.

Abin da ke lalacewa in ba a san wannan ba: kafasita, 'yar na'urar da ke ajiye wuta, ƙololuwar take gani, ba 230 ba. Wanda ya sa mai jure 250 a bayan diyod (mai barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai) a layin wutar gida, fashewa za ta yi, shi ya sa ake sa mai 400 ko 450. Kuma mita mai arha ba ta yin wannan intigireshan ɗin, tana ɗauka cewa wutar sin ce tsantsa ta ninka da wata lamba. In ka auna inbata mai fitar da wuta mai kusurwa da ita, karatun zai kauce. Sai mitar da aka rubuta True RMS a jikinta, ita ce ke yin wannan lissafin na v² da gaske.

Yunit ɗin da mitar gida take cirewa ma ∫ P dt ne, ƙarfin da ake ja a kowane lokaci a tara shi a kan awanni.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Ƙari ɗaya a kan bayanin Injiniya, don kada yaron ya ɗauki Simpson ya kai ta inda ba ta shiga. Tana buƙatar tazara iri ɗaya, kuma yawan gibin ya zama mai rabuwa biyu, wato awo 3, 5, 7, haka. A misalinsa awo 7 ne, gibi 6, ta zauna. In awo 8 gare ka, yi Simpson a kan 7 na farko, gibin ƙarshe ka yi shi da tarafiziyam ka tara.

Yaro, ga uku ka yi ka kawo nan da matakanka a rubuce. ∫ x e^(x²) dx da ∫ x eˣ dx, ka faɗi dalilin da ya sa hanyarsu ta bambanta ko da yake sun yi kama. Sai mota mai gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa, ta taka birki gudunta ya koma v = 20 − 5t. Nemo lokacin da za ta tsaya da nisan da za ta ci kafin nan, sannan ka sake yi da kilomita 108 a awa da birki iri ɗaya. Na farko ya kamata ya ba ka mita 40. Na biyun ba 60 ba ne.